Wutar da Babu a Jinin Saminu

Nagoggo mai raguna na Dutsi bai taɓa yarda akwai ciwon da ya fi ƙarfin hannunsa ba. Ka kawo masa tunkiya tana ɗingishi, zai ɗaga ƙafar ya leƙa kofato, ya faɗa maka abin da ya same ta tun ba ka gama sallama ba. Tun yana saurayi yake bin kasuwar Mai'aduwa da ta Daura, ya sayo ramammu, ya ɗaure su a turken da ubansa ya kafa a tsakar gida, ya cika su da harawa da dusa, in babbar Sallah ta matso ya sayar. A tagar zaurensa ya jera kayan aikinsa: kanwa, man gyaɗa, maganin tsutsa, da kwalbar ruwan nan na wanke ciwo da ake ce wa haidirojin. Ita ce 'yar gaban goshinsa. In rago ya ji rauni ya tsiyaya masa, ciwon ya taso da farar kumfa, sai Nagoggo ya gyaɗa kai ya ce, "Kun gani? Cuta ce take mutuwa."

Ciwo ɗaya ne ya ƙi jin maganarsa, shi ne na ɗansa Saminu, namiji tilo bayan mata uku. Yaron bai wuce shekara bakwai ba, amma jikinsa ya sha wuƙar wanzami fiye da na tsoho. Maruru ya fito a hammata, kafin ya warke wani ya fito a wuya, kaluluwa ta kumbura, zazzaɓi ya biyo baya, tari kuma ya ƙi tafiya. An yi rubutu, an yi jiƙo, an yi allura. Ya ɗan miƙe, ya koma wajen ragonsa, sai kuma a koma gidan jiya. Ragon nan nasa ne na kansa, uban ya ba shi tun ragon yana ɗan jariri, yaron ya raɗa masa suna Direba saboda kullum shi ne a gaban garke. Shi yake ba shi ruwa, shi yake yago masa harawa daga kan rumfa, wani lokaci ma a jikin tarin harawar barcin rana yake kwashe shi.

Da tarin ya tsananta a farkon damina, asibitin Daura suka ce a wuce Kano. Nagoggo ya tafi da yaron da uwarsa Maijidda, yana ta mita a mota cewa maruru ne fa kawai.

A can aka haɗa su da wata likita, Khairunnisa, 'yar siririya mai magana a hankali. Ta ɗebi jinin Saminu, wannan Nagoggo ya gane. Sai ta ce za ta ɗebi na uwar da na uban.

"Likita, ni lafiyata ƙalau," in ji shi.

"Shi ya sa nake son naka, Baba."

Daga nan ya fara rikicewa, kuma bai sake dawowa daidai ba. Da sakamako ya fito ta kai su wani ɗaki, ta ce ya leƙa cikin madubin da suke ganin ƙananan abubuwa. Ya rufe idon da ya kamata ya buɗe, ta gyara masa. Ta ce ta ɗiga wa jinin kowannensu wani ruwa rawaya. A nasa ya ga wasu 'yan dunƙule-dunƙule, kowanne da tabo shuɗi mai duhu kamar an ɗiga baba. A na Maijidda, wasu da tabon, wasu babu. A na Saminu ko ɗaya babu.

"Alhamdu lillahi," in ji Nagoggo. "Nasa ne mai tsabta. Ashe ni ne mai cutar."

"A'a, Baba. Naka ne mai lafiya."

Ya dubi Maijidda ko ita ta gane. Ita ƙasa take kallo.

Likita ta ja kujera ta zauna. Ta ce a jinin kowane mutum akwai wasu fararen ƙwayoyi, aikinsu in ƙwayar cuta ta shigo jiki su bi ta su haɗiye.

"Su haɗiye cuta? Ai sai su kamu."

"Ba sa kamuwa, don suna ƙona ta a cikinsu. A iskar da muke shaƙa akwai wani sashe da ake kira oksijin. Shi suke ɗauka, su juya shi ya zama abu mai ƙuna. Tabon da ka gani shaidar ƙunar ce."

"Iska ta zama wuta."

"Ba wuta mai harshe ba. Ka san ruwan nan da ake wanke ciwo da shi, mai kumfa? Haidirojin?"

Nagoggo ya gyara zama. Tun da ya shigo Kano sai yanzu aka ambaci wani da ya sani.

"To irinsa suke yi. Daga nan su haɗa shi da gishirin jiki, ya koma kamar bilic ɗin da ake wanke fararen kaya. Shi yake kashe cutar. Na Saminu suna haɗiyewa, amma ba sa iya yin ruwan. Sai cutar ta zauna a cikinsu da ranta, jiki ya yi ta turo wasu, su taru, shi ne marurun da ba ya ƙarewa."

Ta ci gaba da bayani, kuma a nan ne muhimmiyar maganar take, amma Nagoggo ya riga ya tafi. Jikinsa ne a kujera, hankalinsa yana tagar zaurensa a Dutsi. Sama-sama ya ji ta tambayi Maijidda ko a ɗakinsu an taɓa yin namiji mai irin wannan, Maijidda ta ce ƙanenta Amadu, bai kai kaciya ba ya rasu. Sama-sama ya ji an ce ta wajen uwa abin yake bi ya sauka a kan 'ya'ya maza, kuma ba laifin kowa ba ne. Ya ji an ambaci ƙwayoyi biyu da za a riƙa sha kullum, ya ji harawa, ya ji taki, ya ji rumbu, ya ji fumfuna. Ya yi ta cewa "to, to" kamar yadda yake yi wa dillali in ya riga ya yanke abin da zai saya.

Don shi a ganinsa ya gano bakin zaren. Mai sana'a ba ya faɗin asirinsa duka. Shi kansa in makiyayi ya kawo masa akuya, ba ya gaya masa cewa kanwa ce kawai maganin, sai ya haɗa da ɗan wani abu ya girgiza kwalba. Yarinyar nan likita ta yi suɓul da baka ne, ta faɗi sunan abin da yaron ya rasa, sa'an nan ta rufe da dogon Turanci da ƙwayoyi. Bai ga laifinta ba, kowa da inda yake cin abinci. Shi ya sa ma bai tambaye ta ba, kada ya kunyata ta a gaban mutane.

A motar dawowa abin ya yi ta juya masa. Ya shaƙi iska a hankali, ya saurara ko zai ji zafi a ƙirji, bai ji komai ba sai warin fetur. In har jininsa bilic yake yi tun ranar da aka haife shi, me ya sa har yau yake baƙi wuluk? In wuta ce, me ya hana ta cin mai ita? Kuma ta yaya Maijidda, wadda ko ciwon kai ba ta cika yi ba, za ta ba yaro abin da ita ba ta da shi? Rabin jininta da wuta, rabi babu, to ita mai lafiya ce ko rabin mai lafiya? Ya juya zai tambaye ta, ya ga ta rungume yaron tana share ido da gefen mayafi, sai ya bar maganar. Tausayinta ya kama shi, ya kuma ƙara masa ƙarfin zuciya: bari su isa gida ya share mata hawayen nan da hannunsa.

Maijidda ta fara ba da ƙwayoyin tun washegari, ɗaya fara, ɗaya 'yar mitsitsiya. Nagoggo ya ɗauki ɗaya ya jujjuya. Ba wari, ba ɗaci a ido, ba kumfa.

"Malam," ta ce, "likita fa ta ce a fitar da harawar nan daga gida. Ruwa ya taɓa ta, ƙasan duk ya yi fumfuna. Ta ce ƙurar ce take shiga masa huhu."

"Harawa? Ni a cikin harawa aka yaye ni. Ubana a cikin kashin tumaki ya tsufa. Likitar birni ina ta san harawa?"

"Ta ce kai jininka yana ƙone ta, nasa ba ya iyawa."

"To ai shi za mu gyara."

Ba ta gane abin da yake nufi ba, shi kuma bai ƙara ba.

Ranar kasuwa ya biya wajen Lawal mai kemis, ya ce a ba shi haidirojin kwalba uku. Lawal ya yi mamaki, don ya san Sallah ta wuce, Nagoggo ya sayar da ragunansa.

"Baba, ka dai san na waje ne, ba a sha."

"Wa ya ce maka sha za a yi?" Ya karɓa ya zuba a aljihu, sa'an nan ya sassauta murya. "Amma in tambaye ka. Ka san jikin mutum yana yin wannan ruwan da kansa?"

"Wane jikin?"

"Nawa. Naka. Likita ce ta faɗa a Kano, na gani da idona, shuɗi ne."

Lawal ya ɗaga kwalba ɗaya ya duba a haske. Ruwa ne garau kamar na randa. Ya sosa ƙeya.

"To, Baba, likita ta fi ni sani. Ni dai abin da aka koya min, na wanke ciwo ne."

Nagoggo ya fito yana murmushi. Ga shi nan, har mai sayar da abin bai san abin da yake sayarwa ba. Maganar shuɗin ce kawai ta ɗan tsaya masa a rai, amma ya ce wataƙila sai ya shiga jini yake rinewa.

Abu ɗaya ya hana shi ɗura wa yaron a ranar, shi ne ƙa'idar ubansa. Tsohon ya sha faɗa masa cewa sabon magani ba ya shiga garke sai an gwada shi a kan dabba ɗaya an ga yadda ta wuni. Nagoggo bai taɓa karya wannan ba ko a kan maganin ƙwarkwata, balle a kan ɗansa. Matsalar ita ce duk ya sayar, ba abin da ya rage a turke sai Direba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ragon. Sa'an nan ya ce a ransa, ai ma gara haka, wuta a jini ba ta yi wa kowa yawa.

Da hantsi, Maijidda tana bayan ɗaki tana wanki, ya ɗauko kwalbar lemon da yake ɗura da ita. Ya auna da ido yadda ya saba: rago ya fi yaron nauyi nesa, saboda haka rago kwalba biyu, yaro rabin ɗaya. Na yaron ya tsiyaya a ɗan kofinsa na roba, ya ɗora a kan katangar rijiya, ya ce in la'asar ta yi rago yana tsaye, sai a ba shi. Saminu yana tsugune yana kallo.

"Baba, Direba ba shi da lafiya ne?"

"Lafiyarsa lau. Irin maganinka zai fara sha, ya nuna maka babu ɗaci."

Ya matse ragon tsakanin gwiwoyinsa, ya ɗaga haɓar, ya zura kwalbar ta gefen baki. Direba ya yi ƙoƙarin ƙwacewa, amma wa ya taɓa ƙwace wa Nagoggo? Ya shanye tas. Ya girgiza kai, ya yi atishawa, ya tsaya.

"Ka gani?" in ji Nagoggo.

Bai gama wanke hannu ba ragon ya fara wani irin nishi. Cikinsa na hagu ya taso, ya ci gaba da tasowa, har ya yi tauri kamar ganga. Farar kumfa ta fito ta baki, ta fito ta hanci. Nagoggo ya san kumburin ciki, ya sha ganinsa in dabba ta afka wa ɗanyen ganye, amma bai taɓa ganin mai sauri haka ba. Da farko ma ya so ya ce cuta ce take mutuwa, sai dai maganar ta maƙale, don ragon ba shi da wata cuta.

"Maijidda! Man gyaɗa! Kawo man gyaɗa!"

Ta fito da gudu, hannu duk sabulu. Ya ɗura man, man ya dawo waje. Ya murza cikin, ya daddanna, ya ɗaga ƙafafun gaba. Direba ya durƙusa, ya faɗi a gefe, idanu suka juye, ƙafafu suna shure-shure. Nagoggo ya ga abin da kowane mai dabba ya sani, in aka ƙara jinkiri mushe za a yi. Ya zaro wuƙa daga kube, ya juya ragon gabas, ya yi bisimilla, ya yanka.

Jini ya malala a ƙasa har gindin rijiya. Yana durƙushe yana haki ya ji muryar yaron a bayansa.

"Baba, ni ma in sha nawa?"

Ya waiga. Saminu yana tsaye da kofin a hannu biyu, hawaye na zuba, ya riga ya kai shi kusa da baki. Ba don yana so ba. An ce masa magani ne, shi kuma yaro ne da ya saba shan duk abin da aka miƙa masa ba musu.

Nagoggo bai san lokacin da ya tashi ba. Da hannun nan mai jini ya make kofin, ya yi sama ya faɗo. Ruwan ya zube a kan jinin ragon, nan take wurin ya taso da kumfa, tana tsiii, tana kumbura, ja-ja da fari-fari, tana bin jinin duk inda ya bi. Su uku suka tsaya suna kallonta. Ya kama fuskar yaron, ya buɗe bakin, ya shinshina.

"Ka kurɓa? Saminu, ka kurɓa?"

"A'a."

Nagoggo ya zauna daɓas a ƙasa. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya rufe shi. Maijidda ta dubi kwalaben da ke yashe, ta dubi kofin, ta dubi ragon, ta gane komai. Ya jira ta yi kururuwa ta tara masa unguwa, ya ma fi son haka. Ba ta yi ba. Ta ja yaron ta manna a jikinta, ta ce, "Allah Ya karɓi fansa."

Da ya yi magana, kamar da kansa yake yi.

"Likita ta ce shi ne. Da bakinta ta ce irinsa ne. Abin da ya rasa ke nan. To in ya rasa, ga shi a kwalba, me ya sa..."

"Ta faɗa, Malam, kana wurin. Ta ce a cikin farar ƙwayar jinin ake yin sa, ɗan mitsitsi, a rufe ruf tare da cutar, a daidai lokacin da ake bukata. Ta ce kamar wutar murhu ce, a murhu tana dafa tuwo, a kan jinka tana cin gida. Ta ce babu mai iya zuba masa daga waje."

"Babu?"

"Babu. Ƙwayoyin maganin nan su taya shi, mu kuma mu nisanta shi da abin da zai shaƙa."

Nagoggo ya dubi kumfar da ke kan jinin. In gaskiya za a faɗa, ko a lokacin bai gane ba, har yau ma bai gane yadda iska take zama wuta a jikin mutum ba tare da ya ji ko ɗumi ba. Abin da ya gane shi ne duk abin da ke tagar zaurensa babu na ɗansa a ciki, kuma wannan ya fi mutuwar ragon yi masa ciwo. Naman ma ba su ci ba, ya ce bai san abin da ya shiga cikinsa ba, ya haƙa rami a bayan gari ya binne.

Da la'asar, lokacin da ya yi niyyar ba da kofin, ya aro amalanke. Ya ce Maijidda ta kai yaron zaure ta tsayar da shi a bakin ƙofa, inda iska ba ta bi ta kansa. Ya hau rumfa ya fara sauke harawa. Ta sama koriya ce shar, mai ƙamshi. Da ya kai ƙasa sai ga ta baƙa, ta dunƙule, ya ɗaga wani dami wata ƙura mai toka-toka ta tashi, daidai wurin da Saminu yake kwanciya. Ya kwashe duka, ya kankare takin da ya taru shekara da shekaru, ya share, ya yayyafa ruwa. Maƙwabta suka leƙo ta katanga suna tambaya ko tashi zai yi. Ya ce musu dabbobin ne za su tashi, in ya sayo wasu a gona zai yi musu garke.

Turken ne ya rage. Icen ya yi santsi saboda igiya, ya shige ƙasa kamar ya yi saiwa. Ya girgiza, ya haƙa gefe, ya sa kafaɗa, gumi na zuba. Daga zaure Saminu ya taho a guje, kamar yadda ya saba duk lokacin da ya ga uban yana aiki shi kaɗai.

"Baba, bari in kama maka."

Tun ranar da aka ce masa ya sami namiji Nagoggo yake jiran yaron ya yi girman da zai faɗi wannan maganar a gindin wannan turken. Ya ɗaga hannu ya tsayar da shi daga nesa.

"Tsaya can, Saminu. Koma wajen uwarka."

Yaron ya tsaya, ya dubi turken, ya dubi wurin da Direba yake kwanciya.

"To in na warke fa?"

Nagoggo ya juya ga turken. Ya sunkuya ya rungumi icen, ya ja da duk ƙarfinsa har ya fito, ya saɓa a kafaɗa, ya bi ta ƙofar baya da shi don kada ƙasar jikinsa ta zuba kusa da yaron.